Mujitaba da Ƙofar Baffa Dikko

Mujitaba ɗan ƙanin mahaifina ne, gidanmu ɗaya a Kiru. Tun yana ƙarami ba a barin rediyo kusa da shi, don sai ya buɗe cikinta ya ga mai magana. Noma kuwa, in ya riƙe fartanya har tausayin fartanyar nake ji. Da ya girma ya buɗe rumfar gyaran waya a bakin tasha, daga nan ya koyi haɗa waifai, har makarantun Bebeji da Tudun Wada suna aikowa a ɗauke shi a babur. A waje injiniya ake ce masa. A gida kuwa har yau shi ake aika sayen gishiri.

Gidanmu sassa uku ne, katangun ƙasa masu kauri, sabis ba ya ratsa su. Da ƙanwarsa Ramla ta yi aure a Fatakwal, sai ya kafa eriya a kan dogon ƙarfe, ya sa rawuta, wato na'urar raba waifai, ɗaya a kowane sashe. Ya so ya ba su suna ɗaya. Baffa Dikko, babban gidan, ya ce, "Abin da ke ɗakina ya amsa sunan wani? Ina raye?" Mujitaba ya san kuskure ne, amma wa zai yi musu da Baffa? Ya sunkuyar da kai, ya ba kowace rawuta sunan mai sashen da lambar sirrinta daban.

Kowace Juma'a da hantsi Ramla kan kira mahaifiyarsu, Inna Furera, ta bidiyo. Inna kuma sai ta ɗauki wayar ta zaga gida, don 'yarta ta gaida manya kamar tana nan. To waya akwai naci. In ta kama rawutar farko ba ta saki sai ta daina jin ta ɗungurungum, sannan ta fara laluben wata. Wurin da take sakin kuwa daidai ƙofar Baffa ne. Inna na yin sallama, kira ya yanke. Kafin a sake samun Ramla, Baffa ya shige ɗaki.

Juma'a bakwai ana haka. Baffa, wanda shi ya yi waliccin aurenta, ya yanke hukunci. "Yarinya ta ga birni. Tana ganin ƙofata take kashewa." Ya hana a ambaci sunanta a gabansa. Ramla ta ji labari, ta yi ta kuka a can. Ni kaina abin ya ba ni haushi, na tare Mujitaba na ce masa ya gyara wa mutanen Bebeji, nasa gidan na neman rabewa.

Ya je ya durƙusa gaban Baffa ya yi bayani tiryan-tiryan. Baffa ya ce, "Waya ba ta da wayon raina mutum. Mai ita ce."

Sai da ya kwana biyu yana tunani ya koma. "Baffa, ina neman izini in sa wa na'urorin nan dukkansu sunan Malam Buba." Mahaifin Baffa ke nan, kakanmu da ya gina gidan. Baffa ya ba da izini. Ya za a yi ya ce sunansa ya fi na ubansa?

Mujitaba ya mayar da su suna ɗaya, lamba ɗaya. Ya rage wa kowace ƙarfi, don waya ta saki ta baya da wuri ta kama ta gaba tun kira bai mutu ba. Ya wuni yana kai da komo tsakanin ƙofofi da waya a sama, awaki na kallonsa.

Ran Juma'a duk muka sami abin yi a tsakar gida. Inna ta taho da waya, ta yi sallama, ta tsallaka dokin ƙofa. Hoton ya ɗan girgiza, ya daidaita, sai ga muryar Ramla.

"Baffa, ina kwana? Na same ku lafiya?"

Baffa ya yi wata biyu yana tanadin faɗa. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya matso da ita dab da hancinsa, ya daɗe yana kallo.

"Ramlatu," ya ce, "ba sa ba ki abinci ne a can?"