Jar Wuta Ba Ya Jan Kowa

Na sayi babur ina da shekara hamsin da ɗaya, lokacin da sa'o'ina ke neman sandar dogarawa. Mai ɗakina ta ce ƙuruciyar da ban yi ba ce ta biyo ni. Na ce mata ƙafar da ta shekara talatin tana taka keken ɗinki ba za ta ji tsoron giya huɗu ba. Sati uku na yi ina zagaye filin makaranta, da na ga ko akuya ban buge ba, sai na ɗaure ɗinkin mutane a baya na nufi garin da ke bayan dutse.

A kwana ta uku ta hawan dutsen wata tirela ta daka min hon a ƙeya. Na lalubi birki, na danna nawa hon ɗin, muka yi ta gaisawa. Da ƙyar na kai ƙololuwa inda motoci ke tsayawa su huce. Na sauke ƙafa, na tarar ƙasar ba ta inda na bar ta. Babur ya kwanta, na kwanta a kansa, wandon da na ɗinka da hannuna ya tsage har gwiwa. Mai shayin wurin ya tambaye ni wane tela ne ya cuce ni haka. Na ce wani ne a unguwarmu, ba ya tsoron Allah.

Dariyar ta ƙare da na leƙa gangaren da ke jirana. Titin ya nannaɗe kamar igiyar da aka yar, kwana goma sha ɗaya, dutse a hagu, rami a dama, tankoki na hawowa suna nishi, bas-bas na sauka kamar an koro su. Na ce ni dai a nan zan kwana. Mai faci, wanda rumfarsa ke jikin ta mai shayi, ya dube ni ya ce in jira wani da ake kira Jar Wuta, in ya tashi in bi bayansa. Amma ya gargaɗe ni kada in kuskura in gaya masa zan bi shi.

Baki shi ke yanka wuya. Mutumin na isowa, siriri, mai furfura a gemu, da buhunan abincin kaji biyu a baya, na tare shi na ce a taimaka a ja ni. Ya dube ni, ya dubi babur ɗina mai leda a kujera.

"Ba na jan kowa," ya ce, ya juya ya karɓi shayinsa.

Dalilin wannan amsa sai daga baya na same shi wurin mai faci, wanda shi kaɗai Jar Wuta ya taɓa gaya wa, sau ɗaya tak.

Da can ba Jar Wuta ake ce masa ba, Mai Ƙwai ake kiransa. Shekara goma sha takwas yana ɗauko ƙwai daga gonakin kaji na wannan gefe ya kai wa masu shago a wancan gefe, kiret talatin a jere a bayansa, ɗaure da robar taya. Direbobin tanka kan leƙo su yi masa kirari, don ba a taɓa ganin gwaiduwa ta ɗiga a tayarsa ba. Sirrin kuwa bai wuce abu ɗaya ba: ba ya taɓa birki. Birki fizga ne, fizga kuwa ajalin ƙwai. Tun daga nesa yake rage giya, injin ya riƙe babur da kansa, ya shiga kwana a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Ƙafarsa ta saba har ta daina shawara da shi.

Su biyu mahaifiyarsu ta haifa maza, shi da Auta, tsakaninsu shekara goma sha shida. Uban ya rasu Auta na rarrafe, don haka a tankin babur ɗin yayansa ya girma. Ya gama makaranta, ya yawata da takardu har gefensu ya naɗe, aiki bai samu ba. Ran nan ya ce shi ma ƙwan zai shiga. Inna ta ƙi, ta ce ɗa ɗaya a kan wannan dutse ya ishe ta fargaba. Mai Ƙwai ne ya lallashe ta, ya ce ai yaron a hannunsa yake, shi zai riƙa shiga gaba.

Auta ya koya a fili, kamar ni, kamar kowa. A fili babu tankar da za ta cinye rabin hannunka a tsakiyar kwana, babu baƙin man da manyan motoci ke zubarwa, babu gangaren da ke tura ka ko ba ka murɗa ba. Yayan ya san haka. Safiyar fitarsu ta farko ya ɗaura masa kiret marasa komai, ya gyara masa igiyar hular kwano da hannunsa, a nan gaban rumfar mai faci. Auta na ta tsokanarsa, wai shekara ɗaya ta ishe shi ya ƙwace masa kwastomomi, tsoho ya koma gida ya yi jiran kaji.

"Bar surutu ka saurara," in ji yayan. "Kada ka dubi rami, kada ka dubi mota. Idonka a kan fitilata ta baya. In ta yi ja, ka taka birki. In ba ta yi ba, ka taho."

"An gama, Yaya."

Har kwana ta shida ta gangaren, yayan yana tune. Kafin kowace sai ya taka birki da gangan, ƙwai na ƙara a bayansa, yana hango Auta a madubi yana rage gudu daidai inda ya dace. Har ya ji daɗi, ya ce a ransa yaron nan zai yi hannu. Ta bakwai ita ce masu babur ke kira Gwiwar Hannu, don ninkewa take gaba ɗaya ta koma inda ta fito. Suna dosarta wata bas ta zo wuce su tana hon, hankalinsa ya tafi kanta na ƙiftawar ido. A wannan ƙiftawar ƙafarsa ta yi abin da ta shekara goma sha takwas tana yi. Ta sauke giya, babur ya lafa lumui, fitilar ba ta kama ba.

Auta na jiran ja. Ya zo ya wuce yayansa ta gefe da gudun da ya taho da shi, har ya waiwayo ya dube shi, kallon mai tambaya. Kwanar ta fi ƙarfinsa, ta watsa shi ɗaya hannun, inda wata tanka ke hawowa.

Mai Ƙwai ya tsaya, ya kafe babur, ya ruga. Da aka zo kwashe kayansa daga baya, ko ƙwai ɗaya bai fashe ba.

Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare, wasu suka ce sabon hannu ne, dutsen nan ba ya raga wa sabo. Ya bar su a haka. Inna ba ta yi kururuwa ba. Ranar uku, da mutane suka watse, ya shiga ɗakinta ya durƙusa, ta daɗe tana kallon hular kwanon da aka kawo mata, sannan ta ce, "Ba kana gaba ba?" Ya ce yana gaba. Ba ta ƙara ba, shi ma bai ƙara ba, yau shekara tara ke nan. Kullum yana kai mata cefane, tana sa masa albarka, maganar na zaune a tsakaninsu.

Bai bar dutsen ba, don da shi yake ci da gida biyu. Ƙwan ne ya bar shi. Tun da ya koma hanya ya zama ba ya shiga kwana sai ya taka birki, ko da kowa a bayansa ko babu, masu shago suka gaji da karɓar fasassu. Ya koma dakon abincin kaji. Kowace safiya sai ya juya bayan babur ga bangon gidansa ya taka, ya ga jan ya haska a jikin siminti, sannan ya fita. Sababbin masu babur suka gane, suka riƙa laɓewa a bayansa ba tare da sun ce uffan ba. Yana ganinsu a madubi. Bai taɓa korar kowa ba, bai kuma sake ce wa ɗan Adam ya bi shi ba.

Duk wannan ban sani ba a ranar. Na ga dai ya ajiye kofi ya tayar da babur, na ɗaure tsagaggen wandona da igiyar awo na bi shi kamar ɓarawo. Kafin kowace kwana sai jan nan ya haska, in taka. A ta bakwai ya kama tun daga nesa, ya ƙi mutuwa, muka rarrafa har motocin baya suka haɗa mana hon. Sai da muka fita ya ɗago kai ya duba madubi.

A gindin dutse ya tsaya gyara ɗaurin buhu. Ni kuwa rai ya dawo, baki ya dawo tare da shi. Na ce masa, malam, wannan fitila taka ai ta fi ta gidan biki aiki, a haka birki nawa kake ci a wata? Ko da mai sayar da shi kuka haɗa baki?

Ya ja robar ya ɗaure, bai ko dube ni ba.

"Birki yana nan jibge a kasuwa, tela. In ka san shagon da ake sayar da ƙane, nuna min."