Kurciya ta Bakwai

Habboba Asabe, kakarmu ta wajen uwa, ba ta iya tatsuniya mai daɗi ba. Bayan magariba, a lokacin da ake ƙona karan auduga, takan ja gadonta na igiya zuwa bakin rumfa, ta dasa butar jabana, wato gahawa, a garwashi, ni da yayana Sadik mu zauna a ƙasa hayaƙi na cin idanunmu. Ba ta jiran mu ce ta zo mu ji ta. Cewa take, "Ga ta nan tafe, mai tsoro shi tashi tun yanzu." Ba wanda ya taɓa tashi.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wata tsohuwa da ɗanta ya bi ayari zuwa gabas ya bar ta a bakin kogi. Tsohuwar tana da kurciyoyi bakwai. Ta aiki ta fari da gaisuwa, kurciya ta dawo ba amsa, ta ce iska ce ta juyo da ita. Tsohuwa ta murɗe mata wuya ta aiki ta biyu. Ita ma ta ce hadari ne. Haka ta yi ta yi har shida, tana zaɓar wadda ta fi ƙarfin fiffike. Ta bakwai ta dawo da jini a ƙirji, ta ce, "Duk mun isa gare shi. Shi ke jifarmu da dutse."

A nan Habboba takan tsaya ta kurɓi jabana. Ni ne uban gaggawa, nakan ce, "Sai ta bar ta da rai?"

"Wa yac ce maka? Sauran wuya ɗai tam murɗe musu. Wagga da ranta taf fige ta, gashi ɗai-ɗai." Sai ta yi dariya har da tari. Sadik ma ya yi ta dariya, ni kuwa in kwana da haushi.

Shekaru sun wuce, Habboba ta rasu, Sadik ya tafi Jidda aiki, ni na yi aure na zauna da Inna da gona. Shi ya aiko da modam ɗin farko, mai ɗaukar layin waya, don Inna ta riƙa ganin fuskarsa kowace Juma'a bayan la'asar. Tun da hantsi take wanka ta shafa turare, kamar zai ji ƙamshin ta waya. Wannan kiran shi ne abin da take rayuwa a kai, kowa a gidan ya sani.

Sai kiran ya fara yankewa. Minti biyu, uku, fuskar ta ɓace, daga baya saƙon Sadik ya shigo: shabakarku, wato sabis ɗinku, ba ta da kyau. Na yi duk abin da ake yi. Na kashe na kunna. Na cire layin na goge shi da gefen riga. Na haɗa shi da batirin sola don kada ɗaukewar wuta ta shafe shi. Na sa shi a robar man girki da na huda, na ɗaure a kan gora, na kafa a saman ɗaki yana kallon wajen garin Makwar inda sabis ya fi ƙarfi, har maƙwabta na tambaya ko tsuntsaye nake kora. Juma'a ta zo, ya sake yankewa. Inna ta ce, "Wanga abu ya tsufa, ka kawo wani."

Na shiga mota zuwa wani shagon modam a Sinja, da tsohon a jakata. Mai shagon ya jera mini uku, ya ce in bar kallon kyan kwali, in duba mai ƙahon eriya biyu da ke karɓar kowane layi. Na ɗauki wannan. Da zan fita ya jona tsohon don gwaji, fitilunsa duka suka kama, bidiyo ya yi ta tafiya ba ko tuntuɓe. Ya ce, "Ya ustaz, wannan lafiyarsa lau." Na karɓe shi na fito.

Juma'ar da ta biyo na zauna kusa da Inna, idona a kan fitilun sabon. Suka gaisa. Ta ce, "Sadik, yaushe zaka taho in gane ka?" Fuskar ta ɓace, fitilu kuwa ko ƙyaftawa ba su yi ba. A nan na tuna cewa kullum a kan wannan tambayar yake yankewa. Na zagaya bayan gida na kira shi, ya ɗauka nan take, murya tas.

"Haruna, na gaji da kukanta. Ce mata shabaka ce, halas."

Da na ce mata shabaka ce, da yau muna cin tuwo tare. Amma rana ta ƙona ni a saman ɗaki saboda shi, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jin zafin yadda take turare don wanda ya tafi, ni da ke gabanta ko sannu sai na roƙa. Na koma na faɗa mata duka, da kalmominsa, ban rage ko ɗaya ba.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Kai ka taɓa wani abu cikin na'urar. Tun kuna ƙanana kake ƙin shi."

Wata na huɗu ke nan ba ta amsa gaisuwata. Abincin matata sai ta tura shi waje da ƙafa. Ta sa ɗan maƙwabci ya sauke gorar, ta kai modam ɗin ɗakinta ta lulluɓe da mayafi don kada in taɓa, ga shi a can ciki ko sanda ɗaya ba ya kamawa.

Ina yaro na ɗauka Habboba mugunta kawai take ji da ita, tana jin daɗin ganin ranmu ya ɓaci. Yanzu ina zaton ta san abin da kurciyoyi shida suka sani, cewa tsohuwar ba labari take nema ba, wanda za ta ɗora wa laifi take nema don ɗanta ya tsira. Ni na ji tatsuniyar ya fi sau ashirin, kuma na faɗa. Jiya Juma'a na ji ƙamshin turare daga ɗakinta tun da hantsi.