Matar da Ta Gaji da Ƙananan Kifi

A bakin tafkin El Salto kowa ya san kowa, amma Evaristo mai kwale-kwale bai taɓa ganin wannan matar ba. Gajeriya ce, ta ba hamsin baya, da malafar kaba da takalmin roba na maza. Yatsunta duk tabon wuƙa ne. Evaristo ya san irin hannun nan, na matan da ke gyaran karfasa ne a rumfunan masunta.

Tana tsaye cikin ruwa iya gwiwa. A bakin zaren fatsarta akwai kifin roba mai tsawon kamu guda da rabi, irin wanda ake yaudarar manyan kifayen nan da ake kira lobina da shi. Da gani yau ta fara, don jifan farko a gabanta ya faɗi, tim!

"Inna, soya wannan ɗin mana, ai ya fi abin da za ki kama!" in ji wani masunci. "Sa ƙaramar ƙugiya, ko kya samu na miya."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Tana ta jifa, tana naɗo zaren a hankali, kifin robar na kaɗa jela kamar mai rai. Har rana ta take, babu abin da ya taɓa shi.

Tausayi ya kama Evaristo. Ya ce, "Baiwar Allah, mai wannan fatsar sai ya yi mako bai ga komai ba."

"Na sani, ɗan'uwa," ta ce, idonta na kan ruwa. "Shekara talatin ina gyaran ƙananan da kuke kawowa. Ni babba na zo nema. In babu, na koma hannu rabbana."

Ta sake jefawa. Wannan karon ya fi na ɗazu nisa.