Alƙaluman Malam Hadi Akawu

Ku da kuka zauna da Malam Hadi Akawu a Sabon Gari, wa a cikinku ya taɓa samun aron alƙalaminsa? Ai na sani, babu! Guda uku ne kullum a aljihun gaban rigarsa, a jere, kawunansu na walƙiya, irin masu shan tawada daga kwalba ɗin nan. Amma ka ce masa, "Akawu, ara mini abin rubutu," sai ya tsallake su duka, ya zura hannu can aljihun gefe, ya zaro wani tsohon biro da aka tauna wa gindi ya miƙo maka. "Ga na baƙi," in ji shi.

Ni Tanko, dillalin shanu a Kara, ɗan kawunsa ne, shi kuwa ɗan goggota. Taubasai ke nan, don haka ko da ya girme ni nesa, ni kaɗai nake da lasisin tsokanarsa. Kuma na tsokane shi har na gaji! Mutum ya gama aikin akawun kotu ya yi ritaya, takalminsa ɗaya, kekensa kuwa na tun zamanin samartaka. Amma ku shiga ɗakinsa ku ga akwatin katakon nan da aka shimfiɗa wa karan-miski. Wannan ɗan Jamus ne, wancan ɗan Ingila, ga wani siriri ɗan Japan mai bakin zinare. Kwalaben tawada kuwa a jere a kanta kamar shagon mai turare. Kowace Asabar da hantsi zai fito da su ya yi musu wanka da ruwan sama da yake tarawa a tulu, wai na rijiya yana da gishiri, yana toshe musu maƙogwaro.

Na ce, "Akawu, wallahi wannan siririn kaɗai ya isa ya saya maka maraƙi."

Ko ɗaga kai bai yi ba. "Maraƙin naka yana rubutu?"

Kun tuna rigar nan tasa mai ruwan sararin samaniya? To fara ce tas aka ɗinka ta. Wata Alhamis matarsa, Yaya Asabe, tana wanki bularta ta ƙare. Ta leƙa ɗaki ta ga kwalba mai shuɗin ruwa, ta ce to, ai duk shuɗi shuɗi ne. Ta tuttula rabi a bokiti. Ashe tawadar Ingila ce da wani alhaji ya yi masa tsaraba, wadda shi kansa sai ranar Sallah yake buɗewa ya shaƙi ƙamshinta.

Ina zaure aka aiko in shigo, wai Malam ya ƙi magana. Na same shi zaune a kan turmi, kwalba a hannu, riga a kan igiya tana ɗiga, wani wurin ya kama wani bai kama ba. Yaya Asabe na tsugune gefe tana ta "Malam ka yi haƙuri." Can ya nisa ya ce, "Asabe, kin matse ta sosai?"

"Na matse, Malam."

"Ina ruwan?"

"Na zubar a rariya."

"Inna lillahi! Rariyar gidana ta sha abin da gwamna bai taɓa rubutu da shi ba."

Washegari Juma'a, ranar kasuwa, ya zura rigar nan da dabbare-dabbarenta ya tafi masallaci. Duk wanda ya kalle shi sai ya miƙa masa hannun riga: "Taɓa ka ji, rinin Ingila ne." Da yamma ya dawo da bula kwali guda a bayan keke, ya ajiye wa Yaya Asabe.

Sai shekarar nan da sojoji suka koma bariki aka ce a fito zaɓe. Akawu ya yi shiri kamar mai zuwa ɗaurin aure. Tun da safe ya ɗura wa ɗan Jamus baƙar tawada, ya gwada sa hannunsa sau biyar a bayan kalanda. Muka bi layi a firamare rana na dukanmu. Da aka zo kansa, malamin zaɓe ya miƙa masa takarda ya nuna masa wani ɗan soso a gwangwani.

"Baba, babban yatsa za ka dangwala."

"Yatsa? Ɗana, ka san ko ni wane ne? Na fi shekara talatin ina sa hannu a takardun kotu."

"Doka ce, Baba. Ko farfesa ne dangwalawa zai yi."

Ya sunkuya ya shinshina soson nan, ya yamutsa fuska. "Wannan ba tawada ba ce, wannan ruwan marina ne." Layi ya fara guna-guni. Na ce, "Akawu, yau dai ni da kai ajinmu ɗaya, dangwala mu tafi!" Ya harare ni, ya dangwala a hankali kamar mai taɓa garwashi. Sai da muka kusa gida ya ce, "Tanko, shekara goma sha biyar ba a tambaye ni ra'ayina ba. Ko da ƙafa suka ce in dangwala, zan dangwala."

Kwana kaɗan sai ga sabon kansila, yaron da ya tashi a gabanmu, ya zo da jama'arsa. Ya durƙusa ya gaisa, ya ce alfarma yake nema, a ara masa mai bakin zinare ya sa hannu da shi ranar rantsuwa, don albarka. Akawu ya ba shi na baƙi da 'yar takarda ya ce ya rubuta sunansa tukuna. Ya rubuta. Akawu ya gyara tabarau, ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ƙuri'ata na ba ka, kuma ban yi nadama ba. Amma na ga rubutunka, alƙalamin nan bawan Allah bai yi maka laifin komai ba."

Kansila da kansa ya fi kowa dariya.

To, akwai wanda ban taɓa ba kowa labarinsa ba, yau zan faɗa. Kun san ɗana Nasiru. Lokacin da ya ce shi ba zai gaji Kara ba, kanikanci yake so, na faɗa masa maganar da bai kamata uba ya faɗa ba. Ya bi tirelar shanu ya tafi Legas. Shekara biyu babu wasiƙa, babu saƙo. Uwarsa ta rame, ni kuma girman kai ya hana ni ko ambaton sunansa. Ranar da wani direba ya ce ya gan shi a wani gareji, na tafi wurin Akawu, don ni boko bai ratsa ni ba. Na ce ya rubuta masa cewa in bai dawo ba kafin Babbar Sallah, babu ni babu shi, ko gawata kada ya zo kai.

Bai yi mini musu ba. Ya buɗe akwati ya ɗauko siririn nan ɗan Japan, ya ɗura masa koriyar tawada. Ina zazzaga faɗa yana rubutu, yana gyaɗa kai. "Sai me? Ƙara." Na ƙara. Ya busar, ya ninke, ya liƙe, na kai wa direba.

Sati uku sai ga Nasiru a ƙofar gida da 'yar jakarsa. Ya faɗi a gabana yana kuka, yana cewa, "Baba, ban san haka kake ji ba." Na yi sororo. Na ce ya karanta mini abin da na aika. Ya zaro takardar, duk ta yi laushi don ninkewa. Wai, "Ɗana, na yi kuskure, bakina ya riga zuciyata. Kullum aka sauke tirela a Kara sai na duba ko kana ciki. Ka dawo ka yi sana'ar da kake so, na sa maka albarka."

Na zari hula sai gidan Akawu. "Kai! Yaushe na faɗi wannan?"

"Ƙarya na yi maka? Ba ka duba tirela?"

Ina dubawa kuwa. Ban san ya lura ba.

"Na so in rubuta naka," in ji shi, "alƙalamin ne ya ƙi. Bakin zinare ba ya iya zagi."

Garejin Nasiru na nan bakin gada, kuna wucewa ta gabansa kullum.

Da Allah ya karɓi abinsa bayan 'yar gajeriyar jinya, ni da liman muka yi masa wanka. A gefen yatsansa na tsakiya, inda alƙalami ke kwanciya, akwai kanta da tabon tawada da ya shige cikin fata. Na cuɗa, na sake cuɗawa, ya ƙi fita. Liman ya dafa hannuna ya ce, "Bar shi, Alhaji Tanko, ba ya hana komai." Nan na riƙe yatsan nan, kukan da na danne tun safe ya ƙwace mini.

Allah Ya jiƙan Malam Hadi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Ya ba Yaya Asabe da mu duka haƙurin rashinsa. Ranar da za a raba wa bayi littattafansu, Allah Ka miƙa masa nasa a hannun dama. Amin.