Ranar da Na Kai Tafintana Sakkwato

Gaisuwa mai sanyi kamar inuwar gawo da rani, gare ku 'yan'uwa na Madawa, Buza da Keita. Ku gafarta mini kutse cikin hirarku. Maganar ce ta ƙi zama a ciki.

Makon jiya muka kora jakuna da albasa zuwa Sakkwato. Na tafi da ɗana Habu, mai shekara bakwai, wanda ya yi wata goma a lakwal, wato makarantar boko. Na cika ayari da alfaharin cewa bana da tafintanmu muke tafe.

A bakin gari wani Bature ya tsai da mu. Na tura Habu gaba, na ce yana jin Nasaranci. Bature ya nuna jakuna, ya zubo magana.

Na ce, "Habu, mi yac ce?"

"Baba, wanga ba irin Nasarammu ba na. Ko ɗaya ban jiya ba."

"Kai, yaro! Nasara ba Nasara ba na? To mi mushe, malamin naku, ka koya muku?"

Bature ya murmusa, ya ce da Hausa garau, "Malam, ƙyale shi. Faransanci ya koya, ni Ingilishi nake yi. Cewa na yi taikinka ya yage, albasa tana ta zuba."

Tun ranar ayari ke kirana Uban Tafinta.

Ashe bakin Nasara biyu ne, mu kuwa muna tsakaninsu. Shin bai kamata a haɗa wa yara duka biyun tun harshensu yana ɗanye ba? Ku amsa mini da gaggawa, domin kunyar ba ta sake ni ba tukuna.