Farar Jallabiyata da Tsimin Banzin

Shekarun baya, tun Madani tana Madani, aka ɗora mini zuwa nema wa ɗan ƙanena aure. Ni ne babba a gida, amma girman nawa na furfura ne kawai, karatuna bai wuce in gane kwalbar magani da launinta ba. Uban yarinyar kuwa malamin makaranta ne a birnin Madani. Matata ta wanke mini farar jallabiya, ta goge, ta ce, "Malam, don Allah ko bango kada ka jingina da shi."

Ina da wani abokina mai tsohuwar boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake kai albasa kasuwa. Mutum ne da in ya ba ka ashana sai ya tsaya ya karɓi kwalin. Shi ne ya tako har gida ya ce zai kai ni kyauta. Tun nan na fara jin wani abu a raina.

Da safe na tarar motar ta kwana a gangaren bakin ruwa, hancinta na kallon ƙasa. Na ce, "Me ya hana ta kwana ƙofar gidanka?" Ya ce iska ta fi daɗi a nan. Mota da shan iska! A hanya ya wuce masu sayar da ful, dafaffen waken nan, da dama, bai tsaya ba sai wurin wanda ke kan tudu. Ya saya mini kwano guda har da ƙarin mai, yana ta cewa, "Ci, ya zol, mutumina, ci ka yi ƙarfi." Ina ci ina hararsa. Kokawa ake yi a wurin neman aure?

Muna shiga Madani, ishara, fitilar nan ta kan hanya, ta nuna ja. Sai ya murɗa makulli, inji ya yi tsit.

"Me ke nan?"

"Tsimin banzin. Mota na tsaye tana shan mai a banza, ai almubazzaranci ne."

"Za ta tashi?"

"Da izinin Allah." Bai kalle ni ba.

Na duba titi, shimfiɗe kamar tabarma, babu gangare ko na rantsuwa. Fitila ta koma kore. Ya murɗa, ta yi tari sau ɗaya, ta yi shiru. Masu raksha, kekunan hayar nan masu ƙafa uku, suka cika mana kunne daga baya. Ya juyo da wata murya mai laushi: "Ɗan'uwa, ful ɗin nan ya zauna maka kuwa?"

Na ce bayana ke ciwo. Ya ce ba komai, mu zauna, surukai ai mutanen haƙuri ne. Na sauka. Na tura, na tura, sai da ta ga dama ta tashi, ta fesa mini baƙin hayaƙi daga ƙirji har gwiwa. A ishara ta gaba hannunsa na riƙe gam har muka wuce.

Haka na yi sallama a gidan mutane kamar mai sayar da gawayi. Uban yarinyar ya daɗe yana kallon gaban jallabiyata, ni kuma ina ta ɗinka ƙarya a zuci. Sai ya ce, "Alhaji, boksi ce mai ƙofa ɗaure da igiya?"

Na ce ita ce.

"A isharar asibiti?"

Na gyaɗa kai. Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ashe ya taɓa sayen albasa a wurinsa, aka yi masa tayin kai shi gida kyauta. Da na ba shi labarin kwanon ful, ya ce, "Kai ful ka samu? Ni da shayi kawai aka yaudare ni." Kafin gahawa ta huce an ba mu yarinya.

Daga baya masu sani sun ce mini kashe inji in jira ya yi tsawo yana rage shan mai. Na yarda, in batir na da rai. Abokina har yau yana cika baki wai ya tsira da kofin banzin guda, kuma wai shi ya haɗa auren. Jallabiyar ba ta sake fari ba, da ita nake zuwa gona. Ni dai tun ranar, in marowaci ya ce in zo in ci, sai na fara leƙa inda ya ajiye motarsa.