Kibod ɗin da na ɗauke daga Karantina

A lokacin ni ne gwanin kwamfuta na lungunmu a unguwar Karantina, cikin Jidda. Umara na zo, na ƙi komawa, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, amma kaina ya fi ƙarfin hulata saboda kowa ni yake nema. A ɗakina na ajiye wata tsohuwar kwamfuta mai nauyin tsiya, irin wadda ake kira saba, ina ɗaukar hoton takardun mutanen unguwa ina adana musu a ciki. Cikinsu akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, 'yar Hausawan Sudan, wadda take kirana ɗanta. Ta kawo mini takardar haihuwarta, wadda ita kaɗai ce shaidar cewa a Jidda aka haife ta. Takardar ta riga ta zama kamar busasshen ganye, ba ta ƙara wata biyu ba ta marmashe, sai hoton da ke wurina ya rage.

Da aka shafa wa gidajenmu alamar rusau, na samu ɗaki a unguwar Aziziyya. Motar kaya ta cika, sai na bar sabar a kunne, na zare kibod da allonta na tafi da su, da niyyar in dawo washegari. Da na dawo na tarar ana duba takardu a bakin unguwa, na juya da sauri. Daga nan ba ni da hanyar taɓa na'urar sai ta intanet, kuma an ce kwana uku ya rage a yanke wuta.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, in kwashe takardun ɗaya bayan ɗaya, ko da zai ci kwana biyu. Wani abokina da ke aiki a rumbun kaya na tashar jiragen ruwa ya faɗa mini haka, har da rantsuwa. Na yi masa dariya, na ce ya tsaya kan buhunansa. A ganina tsohuwar manhajar da ke tafiyar da na'urar ce ke jan ƙafa, in na sabunta ta zan kwashe komai cikin awa ɗaya. Bayan azahar na sabunta, komai ya tafi daidai, ta nemi in kashe in kunna, na danna ina kurɓar shayi.

Ba ta dawo ba. Na jira minti goma, na jira awa, gumi ya jiƙa mini riga. Sai da la'asar ta wuce na tuna halin tsohuwar na'urar nan: duk lokacin da ta tashi ba ta ga kibod ba, tsayawa take cak tana jiran a danna mata maɓalli. Kibod ɗin kuwa ga shi a gabana, a kan kwalin tukwane. Na roƙi mutum uku masu iƙama su shiga su kai mata kibod ɗin, kowa ya ce halas, shi ke nan, an rufe layin, ba mai jefa kansa a rigima saboda ƙarfe. A rana ta huɗu katafila ta bi ta kan ɗakin.

Bayan mako biyu dattijuwar ta aiko a karɓo hoton, domin an ce ta kawo shaida a duba batun zamanta. Na je da kaina na faɗa mata. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta dai tambaya ko na ci abinci, sannan ta ce ita dama ta san takarda ba ta dawwama, shi ya sa ta kawo wa mai ilimi. Har yau maganar nan tana ci mini rai, kuma har yau batun nata bai warware ba.

Ina jin haushin waɗanda suka ƙi shiga, amma na san wanda ya danna. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, kada ku sabunta na'urar da hannunku ba zai kai gare ta ba sai kun kwafe abin da ke ciki, balle in amanar wani ce. Kibod ɗin yana nan a ɗakina, lafiyarsa ƙalau, na kasa sayarwa kuma na kasa amfani da shi.